Kofin yaƙin Bama da farantan kaka: wanne ne na yaƙi, kuma a sayar ko a bari?

Wata baiwar Allah ce daga Zariya ta aiko da tambaya. Kakarsu ta rasu, da aka zo buɗe ɗakinta sai aka tarar da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. A ciki akwai farin kofi mai kauri, an buga masa kambi da "G VI R" da 1943 a gindi. Akwai wani ɗan finjali mai hoton tauraro da fure da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidan. Sai farantai shida masu zanen furanni, a bayansu an rubuta "Made in Occupied Japan". Kowa a gidan ya tashi da jin cewa kakansu namiji, wanda ya je yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya zo da su duka. Wani dillali ya ga hotonsu ya taya. Tana so ta sani: da gaske kayan yaƙi ne, nawa za su yi, kuma a sayar ko a bari?

Malama, Allah ya jiƙan kakanninku, ya sa sun huta. Na daɗe ina aikin adana kayan tarihi, kuma tangaran na cikin abin da ya fi ratsa hannuna. Kafin komai, ki ce wa dillalin nan ya dakata. Kayan da suka yi sama da shekara 70 a adaka ba za su lalace don sun ƙara wata ɗaya ba.

Abubuwan nan uku ba tafiyarsu ɗaya ba. Ɗaya na lokacin yaƙi ne tabbas, ɗaya yana buƙatar a karanta shi tukuna, ɗaya kuma ba zai yiwu a ce daga fagen yaƙi ya zo ba.

Mu fara da kofin, don shi ne ya fi saurin ba da shaida. G ɗin nan sunan Sarki George ne, VI kuwa shida ce a lissafin Romawa, R kuma harafin farko ne na kalmar Latin mai nufin sarki. Wato Sarki George na Shida, wanda ya yi sarautar Ingila daga 1936 zuwa 1952. Tangaran da aka buga wa wannan tambari da shekara a gindi kayan gwamnati ne, an yi odarsa ne don barikoki da asibitocin soja da kantunan cin abinci na ma'aikata, ba don kasuwa ba. 1943 ita ce shekarar da aka yi shi. Ki ƙara dubawa da kyau, galibi akwai sunan masana'antar a kusa da tambarin, ko da ya dushe. Yawancinsu daga yankin Stoke-on-Trent suke, garin da yake wa Ingila abin da unguwar magina take wa gari, sai dai su da manyan tanderu da dubban ma'aikata.

Kada farinsa da rashin adonsa su sa ki raina shi, wannan rashin adon ma shaida ce. A 1941 gwamnatin Birtaniya ta haɗe masana'antun tangaran, ta rufe da dama don ma'aikata su tafi soja ko kamfanonin makamai. A 1942 ta hana a sayar wa mutanen gida tangaran mai zane. Mai zane sai dai a fitar da shi waje, musamman Amurka, a samo dala. Mutanen Ingila suka koma shan shayi a farin kofi, har an riƙa yin waɗanda ba su da hannu. Na kasuwa a kan buga masa harafin A ko B ko C, alamar iyakar farashin da aka yarda a sayar da shi. Wannan takunkumi bai tashi gaba ɗaya ba sai 1952, shekara bakwai bayan an daina harbi. Don haka idan na ga farin kofi mai nauyi, mai kaurin baki, na kan san zamaninsa tun kafin in kifa shi.

To amma ya je Bama? A nan tambarin ya yi shiru. Ki tuna yadda sojojinmu suka yi wannan yaƙi. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, dajin da ke da wuyar shiga da mota. Kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Runduna ta 82 ta biyo baya ta yi yaƙi a yankin Arakan, kuma a Janairun 1945 aka kama garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Najeriya kuma sun bi dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit can bayan layin Japanawa, abin da ya sa kuke da barikin Chindit a nan Zariya, kamar yadda Dalet a Kaduna da Dodan a Legas suka samo sunayensu daga wuraren wancan yaƙi. Mutumin da ke hawan tsauni cikin damina da kaya a ka ba ya yawo da tangaran. Kwanon ƙarfe da moɗar ƙarfe ake ba soja. Tangaran na ɗakin cin abincin hafsoshi ne da na saje-saje, da asibiti, da jirgin ruwa, da sansanonin da ke baya a Indiya.

Saboda haka hanyoyin da kofin zai bi ya shigo adakar kakanku ba su da yawa. Ko ya yi aiki a wajen hafsoshi, kuku ko mai hidima, ko ya kwanta asibiti, ko a jirgin dawowa a 1946 ya same shi, ko kuma a barikin Zariya ko Kaduna bayan an dawo, don irin wannan kofi ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan yaƙi. Duk waɗannan labarai ne masu kyau, amma ba ɗaya ba ne, kuma ba kofin zai faɗa miki wanne ba. Takardar sallamarsa ce za ta faɗa, in tana nan. Zan dawo kanta.

Finjalin shi ya fi ɗaukar hankalina. Yadda kika kwatanta shi, ƙarami, mai faɗin baki, da tauraro mai tsini biyar da fure, ya yi kama da finjalin tunawa da aikin soja na Japan. Al'ada ce da ta yaɗu a can tun yaƙinsu da Sin na 1894 zuwa 1895, ta ƙara ƙarfi bayan yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905. Idan saurayi ya gama wa'adin soja ya dawo gida lafiya, sai ya sa a yi masa 'yan finjalai ya raba wa dangi da maƙwabtan da suka yi masa rakiya ranar tafiya, kamar dai yadda alhaji ke rabon tsaraba. Tauraro alamar sojan ƙasa ce, anga, wato ƙarfen tsayar da jirgi, ta sojan ruwa, furen kuwa na itacen ceri ne da suke kamanta ran soja da shi, don yana faɗuwa tun yana kan ganiyarsa. Rubutun yakan ƙunshi lambar runduna, da kalmar tunawa, wani lokaci da 'yar waƙa, sau da yawa kuma da sunan sojan a gefe ko a gindi.

Gara ki ji daga bakina: giyar shinkafa ake sha da shi a can. Wasu gidajen in sun ji haka sai su ce a fitar da shi. Ni dai ba na ganin ajiye shi a matsayin shaidar tarihi daidai yake da amfani da shi, amma wannan magana ce ta ku da malaminku.

Abin da ke sa ni taka-tsantsan shi ne, waɗannan finjalai a gida Japan aka fi raba su, ba kayan fagen daga ba ne. Ba abin mamaki ba ne wani soja ya tafi da nasa ko na mahaifinsa, ya ƙare a hannun wanda ya ci sansaninsu, ko a yi musayarsa da taba bayan Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, lokacin da sojojinmu da yawa ke zaune suna jiran jirgi. Amma sai an karanta rubutun. Ki ɗauke shi hoto da rana, a inuwa, ba tare da hasken kyamara ba, ciki da waje da gindi. Manhajar fassara ta waya ba ta cika kama shi ba, don rubutun buroshi ne kuma da tsofaffin haruffa, wani ma daga dama ake karanta shi zuwa hagu. Mutum mai jin Japananci ake nema. Idan kika ga harafi ɗaya da lambobi a bayansa a gindi, wannan lambar masana'anta ce da gwamnatin Japan ta tilasta a shekarun yaƙi, harafin yana nuna yankin da aka yi shi, kamar Seto ko Gifu ko Arita. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da zamaninsa.

Japanawa sun kai tangaran inda ba wanda ya kai shi a wannan yaƙi. Da ƙarfe ya yi musu ƙaranci, gwamnati ta bi gida-gida da wuraren ibada tana karɓar tukwane da ƙararrawa, magina suka koma yin tukunyar girki da dutsen guga da maɓallan riga da yumɓu. Har kuɗin tangaran an buga a 1945, yaƙi ya ƙare ba a fitar da su ba. Sun yi gurneti ma na tangaran, ƙwallo mai ɗan gajeren wuya. Na faɗi wannan ne don duk wanda ya tarar da irinsa a kayan tsohon soja, bakinsa a toshe, kada ya girgiza ko ya ce zai buɗe, hukuma zai kira.

Sai farantan, kuma a nan za ki yi haƙuri da ni. "Occupied Japan" na nufin Japan da ke ƙarƙashin mamaya, wato bayan an ci ta da yaƙi. A 1947 ne hukumar mamaya, wadda Janar MacArthur ke shugabanta, ta ba da umarnin a riƙa buga wannan rubutu a kan kayan da za a fitar waje, kuma mamayar ta ƙare a Afrilun 1952. Kakanku kuwa, in tare da sauran ya dawo, a 1946 yana gida. Ba yadda za a yi mutum ya zo da farantin da ba a gasa ba tukuna.

Wannan ba ya nufin wani ya yi ƙarya. Abin da na sha gani shi ne, kaya in sun kwana a adaka ɗaya shekara da shekaru, labarinsu ma sai ya haɗe. Yaro ya ji an ce "kayan Baba na Bama", ya ga sunan Japan a bayan faranti, ya san da Japan aka yi yaƙi, shi ke nan magana ta zauna. Ni a ganina farantan nan na kakarku mace ne. Ki lissafa shekarar aurensu. Sojoji da yawa da kuɗin sallama suka yi aure, kuma kayan Japan masu araha sun bazu a kasuwannin duniya a daidai waɗannan shekaru. In auren ya faɗo tsakanin 1947 da farkon shekarun 1950, to da alama jerenta ne, ko wani abu da mijin ya saya mata daga baya. A lokacin da ɗakin amarya tasa ce da langa da fanteka, wadda ke da farantan tangaran shida ba ƙaramar 'yar gata ba ce. Kuma ki duba, shida suka shiga, shida suka fito, ba wanda ya fashe. Wannan aikin mace ne da ta san darajar kayanta. Kun shekara kuna jingina wa kaka namiji abin da wataƙila tarihin matarsa ne.

Yanzu kuɗi. Ba zan yanka miki farashi ba tare da na riƙe kayan a hannu ba, amma zan faɗa miki ajinsu. Kofin gwamnati irin naku an yi shi ba adadi, kuma da yawa sun tsira saboda kaurinsu. Masu tara kayan soja a Ingila suna sayensa, sai dai kuɗinsa ba zai sayi ragon suna ba. Finjalan Japan ma haka, sun cika kasuwar masu tarawa, sai wanda ke da siffa ta daban, kamar mai kamar hular kwano ko mai hoton jirgin sama ko tankar yaƙi, shi ke ɗan ɗagawa. Kayan "Occupied Japan" suna da masoyansu a Amurka, amma su ma mafi yawansu kayan araha ne tun asali, in ban da na manyan kamfanoni irin su Noritake. In kika cire kuɗin aikawa da haɗarin fashewa a hanya, abin da zai rage ba zai kai a raba wa magada ba.

Tangaran yaƙi mai tsada akwai shi, amma ba irin wannan ba ne. Mafi tsada da na sani shi ne na Allach, masana'antar da dakarun SS na Hitila suka riƙe, wadda ta yi aiki da fursunonin sansanin Dachau. Ana zuba masa kuɗi, jabunsa kuma ya yi yawa, kamar yadda ake buga tambarin mikiyar gwamnatin Hitila na bogi a kan tsofaffin farantan Jamus. Ni ba na taɓa cinikinsa, don na san hannun da ya yi shi ba da son ransa ya yi ba. Ko rubutun "Occupied Japan" ɗin ma akwai masu buga shi da hatimin roba a kan kayan da aka yi daga baya. Naku bai shiga wannan zargi ba, tunda daga ƙarƙashin gadon kaka ya fito.

To me dillali ya gani? Zato nake, ba tabbas ba, amma na san halin sana'ar: sau da yawa kofi ƙofa ce kawai. In ya shigo, tambaya ta gaba ita ce, "Babu lambobin yabo? Babu takardu?" Lambobin yaƙin nan, irin su Tauraron Bama, Birtaniya ta raba su ne ba tare da an zana sunan mai su ba. Don haka lamba ita kaɗai ba ta da wani kuɗi, kofi shi kaɗai haka. Amma a haɗa lamba da takardar sallama mai suna da lambar soja, wadda ta 'yan Najeriya kan fara da NA, da hoto cikin kaki, da kofi, da finjalin da aka karanta, a ce duk na sojan Afirka ɗaya ne da aka san garinsu, wannan kam abu ne da ba a cika samu ba, don kayan sojojinmu kaɗan ne suka tsira a haɗe. Shi dillali ya san haka. Ku ma ya kamata ku sani, kada a saye muku su ɗaya-ɗaya a farashin gwangwan, a je a haɗa su a wani wuri.

Ki koma adakar ki zazzage ta. Ki duba cikin murfi, da ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa, da cikin kowane ƙunshi. Kada ki yar da tsumman da aka naɗe kayan da shi sai kin duba, na taɓa ganin an yar da guntun bargon soja an riƙe kofin. Sannan ki nemi wanda ya fi kowa tsufa a dangi, gwaggo ko baffa ko wata abokiyar zaman marigayiya, ki kunna rikodar waya ki bar su su yi ta magana. Kada ki ce "ba daga Bama ya zo da wannan ba?" don za a ce miki e. Ki miƙa musu abin ki ce "me kika sani game da wannan?" Abin da aka gani da ido ki rubuta shi daban, abin da aka ji daga wani ki rubuta shi daban, da sunan wanda ya faɗa da ranar. In kin sami lambar sojansa, Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa wurare ne da ya dace a fara tambaya.

Akwai kuma maganar gado, wadda masu tambaya irin taki kan manta. Kayan nan ba na wanda ya buɗe adaka ba ne, na magada ne, kuma kin ga ma wataƙila gado biyu ne a ciki, na miji da na mata. Ba wanda ke da ikon sayarwa shi kaɗai. Shawarata, a yi musu kuɗi a gaban kowa, mutum ɗaya ya karɓa a cikin rabonsa ko sauran su yafe, a rubuta. Abin da ba na so shi ne a ce don adalci kowa ya ɗauki faranti ɗaya. Bayan shekara goma za a nemi uku a rasa.

Wajen kula da su, yawancin ɓarnar da nake gani daga masu son gyara take zuwa. An taɓa kawo mini kofi irin naku da aka jiƙa a ruwan bilic kwana biyu don ya yi fari. Ya yi farin, amma maganin ya bi 'yan tsage-tsagen da ke jikin ƙyallinsa ya shige ciki, bayan 'yan watanni gishiri ya riƙa tsatsowa yana ɓamɓare fatar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohon tangaran duk tsaga ne ko ido bai gani ba. Ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun wanke-wanke sun isa, a robar da aka shimfiɗa wa tawul, ɗaya bayan ɗaya. Ba toka, ba yashi, ba soson ƙarfe. Finjalin kuwa kada ma ki jiƙa shi, don zanensa da ruwan zinarensa a saman ƙyalli suke, gugar yatsa ma tana cin su, kuma rubutun nan shi ne duk abin da muke nema. Ki share shi da busasshiyar auduga kawai. Kada a ɗaga kofin ta hannunsa, a tallabe shi ta gindi. In wani abu ya fashe, a tattara har ɓarɓashin a ajiye, kada a sa masa gam mai kamawa nan take, cire shi ya fi gyaran wuya.

Kada a ci abinci a farantan, musamman mai tsami ko mai zafi. Fentin da ake yi wa tangaran a wancan zamani yakan ƙunshi dalma, kuma tsami na fito da ita. Wajen ajiya, farin ƙyalle na auduga da aka wanke ya fi jarida, don tawadarta na kama jiki. Ki sa ƙyalle tsakanin faranti da faranti. In za a jera su a kabad, a sa mai gilashi saboda ƙurar hunturu, nesa da taga da hannun yara. Kada a liƙa musu takarda da salatif, a rubuta bayanin a kati a ajiye a gefe.

In kina so ki san ajin farantan da kanki, ki shiga ɗaki mai duhu ki haska tocilar waya ta bayan ɗaya. In kin ga inuwar yatsunki ta cikinsa, tangaran ne na ainihi, wanda aka gasa da wuta mai tsanani. Kofin sojan da wuya ya nuna haske, kuma ba aibu ba ne, don ƙarfi aka yi shi. Sannan ki ɗora faranti a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Mai lafiya zai yi ƙara siririya mai ja, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa zai amsa a dakushe. Wanda ya amsa a dakushe, shi za ki sa a saman jeri, kada sauran su danne shi.

Ki aiko mini da hoton gindin finjalin da na gefensa, da shafin farko na takardar sallamar in ta fito, ki kuma tambayo mini shekarar da aka ɗaura auren kakanninku.